Munduwar Nana da Makullin Gwaggo

Waɗanda suka san ni a Arlit sun san in ana hirar aljanu da fatalwa ni ne nake fara ƙyalƙyala dariya, har na kan ce wa mai labarin ya rage shan shayi da yawa. To amma wannan da zan faɗa muku, jama'a, ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, da rana tsaka, ido na ganin ido, kuma na rantse da Allahn da ya halicce ni ban ƙara masa gishiri ko ƙwaya ɗaya ba. Shekarun baya ne, lokacin ina tuƙa motar ruwa ta wani ɗan kwangila da ke kai ruwa wurin aikin ma'adinai, muna zaune a wani gidan ƙasa can bayan kasuwa, ni da matata Balkisa da 'yarmu guda ɗaya tal a lokacin, mai shekara biyar. Sunan mahaifiyata Halima aka sa mata, shi ya sa ba mai kiran sunan a gidan, Nana muke ce mata. Ni mutumin Damagaram ne, neman abinci ya kai ni arewa, na je da niyyar shekara biyu na ƙare da furfura.

Sai na fara gaya muku labarin Gwaggo, don in ba ku san ta ba ba za ku gane sauran ba. Gwaggo mota ce, tsohuwar kat-san-kat mai ruwan madara, irin wadda yanzu sai dai a hoto. Asalinta ta Baba Bulus ce, wani dattijo Kirista mutumin Maradi, bakanike, wanda ya yi aiki a kamfanin ma'adinai tun zamanin da Turawa suka cika garin, kuma wani Bature ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Maƙwabcinmu ne, duk ranar Lahadi in ya dawo daga majami'a ni kuma ba ni da aiki, sai mu kwanta ƙarƙashinta muna kwance wannan muna ɗaura wancan. Yara ne suka sa mata Gwaggo, don da safe sai ta yi tari sau uku kafin ta amsa, kuma ba ta son a gaggauta ta. Amma fa in ta tashi ta tashi, da tsohuwar zuma ake magani, na sha ganin ta wuce sababbin motoci sun kafe a rairayi.

Da idonsa ya yi rauni zai koma gida, masu sayen tsofaffin ƙarafa suka yi ta zarya, ya ce ko kusa, ba zai bari a yanka Gwaggo a ƙera tukwane da ita ba. Ya kira ni ya damƙa mini makulli guda ɗaya, ya ce, "Ɗana, amana ce. Abu biyu zan gaya maka. Makullin nan shi kaɗai ne a duniya, ka nema masa ɗan'uwa. Na biyu, kofur, kada ka kuskura ka bari ya rufe." Kofur shi ne akwatin bayan mota inda ake sa kaya. Ashe nasa makullin daban ne, kuma Baturen ya tafi da shi cikin aljihu tun kafin a haifi Balkisa, ya bar kubar a kulle, wato murfin in ya faɗa ya kama shi ke nan, sai Allah. Dabarar da Baba Bulus ya yi shekara da shekaru ita ce ya cusa wani jan tsumma cikin bakin kubar don kada ta kama, ya ɗaure murfin da robar taya. Kuma ta ciki ma ba hanya, don lokacin da yake ɗaukar kaya a hanyar Assamaka ya sa an liƙe farantin ƙarfe a bayan kujera saboda ɓarayi. Na ce to, na ji. Na riƙe maganar tsumma, na yi sakaci da ta makulli, kamar yadda ɗan Adam ya saba.

Sai da aka shekara, makullin ya sirance kamar ganyen albasa, wuyansa ya fara tsagewa, duk lokacin da zan tayar da mota sai na yi bisimilla na lallaba shi, sannan na ce kai, rigakafi ya fi magani. Wata Alhamis a cikin bazara na shirya zan shiga kasuwa, Balkisa ta tare ni a bakin ƙofa ta miƙo mini munduwar Nana. Wata 'yar munduwar tagulla ce mai kauri da ta gada wurin mahaifiyarta, ita ma ta sa ta tana ƙarama, yanzu ta matse wa Nana hannu har ta fara yi mata shaida. Ta ce, "Baban Nana, tunda kasuwa za ka, ka biya wurin maƙera su buɗa ta kaɗan. Kaɗan fa na ce. Kuma don Allah kada ka manta da ita a aljihu kamar yadda ka yi da maganin sauro." Na jefa ta aljihun hagu na fita da ƙafa, don na bar Gwaggo ta huta a rumfarta, da gorar ruwata naɗe da jiƙaƙƙen buhu a hannu.

Na fara zuwa wurin mai injin yanka makulli, wani Ba'adare mai fara'a. Ya juya makullin sama da ƙasa, ya zazzage gwangwaninsa na ɗanyun makullai, ya gwada wannan ya gwada wancan, sannan ya yi dariya ya ce, "Malam, wanga makulli ya girme ni. Ko Yamai ka tai ba ka samun irinai. Ka gwada maƙeran Abzinawa, su ka yin abin da inji bai iyawa." To da ma can za ni saboda munduwa, na ce jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Hanyar layin maƙera tana bi ta jikin wata doguwar katanga, kusa da inda Sani mai faci yake da rumfarsa. Na san wurin kamar tafin hannuna, don duk tayar motar ruwa da ta fashe wurin Sani nake kai ta, kuma ban taɓa ganin kowa zaune jikin katangar nan ba sai awaki. Ranar kuwa ina wucewa sai na ji an ce, "Mai lakile, zo," wato mai makulli. Na waiga, ga wani tsoho zaune a 'yar siririyar inuwar katanga, rawaninsa baƙi ya koɗe, ya ja amawali har bisa hanci, ido kawai ake gani. Gabansa 'yar wutar gawayi, da zuga-zugin fatar akuya, da 'yar maƙera da aka kafa a ƙasa, da awartaki da magagari. Kayan aiki dai cikakku, irin na kowane maƙeri. Ban tsaya tambayar kaina yadda ya san makulli ya kawo ni ba, na ɗauka ya hango ni wurin Ba'adaren nan ne.

Na yi sallama na tsuguna, na miƙa masa makullin ina ta bayani, mota kaza ce, ta shekara kaza. Wallahi ko kallonsa bai yi ba. Ya dunƙule shi cikin tafin hannu na ɗan lokaci, kamar mai jin ɗumin ƙwai, sannan ya maido mini. Ya ce da irin Hausarsu, "Ƙarfe, mai aiki shi ke kawowa." Wannan kam gaskiya ne, al'adarsu ce, in kana son su yi maka zobe ko wani abin ado kai ne za ka zo da ƙarfenka. Na ce, "Baba, ai ban zo da ƙarfe ba." Ya ce, "Akwai. Aljihu na hagu."

Nan ne ya kamata gabana ya faɗi, amma bai faɗi ba. Sai ma na ji daɗi, na ce a raina yauwa, ya tuna mini saƙon Balkisa. Na ciro munduwar na ba shi, na buɗe baki zan ce a buɗa ta kaɗan, kafin in rufe baki ya riga ya tura ta cikin wuta ya kama zuga. Jama'a, ni mutum ne mai saurin fushi, ko a wurin aiki an san ni, amma ranar bakina ya yi nauyi kamar an ɗora mini dutse a harshe. Ina kallo ya ciro ta ja wur, ya miƙar da ita, ya buga ta ta yi fale-fale, ya datse, ya tsoma a ruwa, ya ɗauki magagari ya shiga gurza. Ƙur, ƙur, ƙur. Abin da na tuna sosai shi ne duk hayaniyar kasuwa ta ɗauke, ba kukan babur, ba muryar masu talla, sai ƙarar magagarin nan kaɗai. Kuma makullina na asali yana hannuna fa duk tsawon lokacin, bai sake neman ganinsa ba.

Da ya gama ya hure shi ya miƙo mini. Na haɗa su biyu na duba, kai! ko makaho ya shafa ya san ba uwarsu ɗaya ba. Nawa dogo ne mai haƙora gefe guda, nasa gajere mai wani irin lanƙwasa. Sai a lokacin harshena ya saku, na ce, "Haba Baba, wannan ai ba shi ba ne! Ka lalata mini munduwar yarinya a banza." Bai ɗaga murya ba. Ya nuna tsohon ya ce, "Wannan zai kai ka inda za ka." Ya nuna sabon ya ce, "Wannan na mai ƙarfe ne. Kar ka yar." Na tambaye shi ladan aikinsa, cikin gatse ma na yi tambayar, sai ya nuna gorata ya ce in ba shi ruwa. Na ba shi, ya juya kai gefe ya ɗaga amawali ya shanye ta tas, gora guda, ya maido mini. Na tashi na tafi ina ƙunƙuni, ban ko yi masa sallama ba, abin da har yau yake damuna.

Duk da haka da na isa gida sai da na gwada, don zuciya ba ta rabuwa da sa rai. Na sa shi a kontak, wurin tayar da mota, bai shiga ba. Na gwada ƙofar direba, bai shiga ba. Na gwada murfin tanki. Na zagaya baya na gwada kofur, na shafa masa mai na sake gwadawa, na juya shi ta kowace fuska, ko bakinsa bai leƙa ba. Ku riƙe wannan da kyau, na gwada shi a kofur, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma Balkisa tana tsaye ta riƙe ƙugu tana kallona.

Abin da na sha a ranar ba sai na faɗa ba. Nana ta yi ta kuka wai a maido mata munduwarta, uwarta kuwa ta yi faɗa har ta gaji ta koma dariya, dariyar ma ta fi faɗan zafi. Ta ce, "An aiki bawa gona ya dawo da kara. Munduwar tsohuwata ka mayar makullin da ba ya buɗe ko gwangwanin tumatir!" Na ce ta ba ni in jefar a bola in huta, ta ce Allah ya kiyaye, tagullar uwarta ce, kuma ma tana da amfani da shi. Ta ƙulle shi a haɓar zanenta. Daga ranar duk lokacin da na fara cika baki a gida, ko in ce ni na san hanya, ko in ce ba a taɓa cutata a ciniki ba, sai kawai ta kwance haɓar zane ta ɗaga makullin ta kaɗa shi a gabana. In ta canza zane sai ta canza masa wuri. Na so in koma wurin tsohon in yi masa tas, aiki ya sha kaina, aka yi ta tura mu kai ruwa can Imuraren kusan kullum.

Juma'a ta uku bayan wannan, zafin da aka yi ko tsofaffin garin sai da suka yi maganarsa. Na tafi masallaci da ƙafa, kuma ana sallamewa ban tsaya gaishe-gaishe ba na kamo hanya, don kaina yana sarawa. Unguwa tsit, maza duk ba su dawo ba. Ina shiga na tarar da Balkisa tana fitowa daga gidan maƙwabta ba mayafi, ta ce, "Baban Nana, ba ka gan ta a hanya ba? Na ɗan kishingiɗa ne kawai, na farka ban gan ta ba." Na ce tana nan wani wuri tana wasa, amma na ga idon Balkisa, na san ta riga ta duba duk inda ake dubawa. Muka sake leƙa ɗaki, bayan randa, makewayi, muna kira, shiru.

Na nufi rumfar mota don in tayar da ita mu zagaya unguwa, sai na yi tuntuɓe da 'yar tsanar Nana a ƙasa, irin ta ƙashi da yara ke yi wa kitso. An ɗaura mata sabon zane. Jan tsumma. Na ɗaga kai na kalli bayan Gwaggo, robar taya tana reto, murfin kofur ya kwanta lif, yadda ban taɓa ganinsa ba tun da na san motar.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na manna kunne a jikin ƙarfen, zafinsa ya ƙone mini kunne ko da yake a inuwa take, na buga na ce Nana, Nana, sai na ji wani ɗan motsi can ciki, kamar kyanwa tana yaƙushin ƙofa, daga nan shiru. Ashe ta zare tsumman ta yi wa 'yar tsana zane, ta hau ciki tana wasan ɗaki, murfin ya faɗo.

Na ja murfin da dukan ƙarfina, ko gezau. Na ce guduma, ƙarfen cire taya! Sai na tuna duk kayan aikina, kaf, suna cikin kofur ɗin tare da ita, don tunda ba ya kulluwa nan na mayar ma'ajiya. Na faɗa kujerar baya na fizge ta, na ci karo da farantin Baba Bulus, na yi ta dukansa da ƙafa kamar mahaukaci. Na fito na rarumo taɓarya na shiga narkar kubar, taɓarya ta tsage, ƙarfen mutanen da ko lotsawar kirki bai yi ba. Na sa wuƙar girki a tsagar murfin ta karye. Mata suka fara taruwa suna salati, wata ta ruga neman mai walda, to ranar Juma'a da azahar wa zai buɗe, kuma ko an same shi kafin ya jawo kayansa an yi me? Ina sane da cewa kowane minti da ke wucewa daga ran 'yata ake cire shi. Na daina jin motsi gaba ɗaya. Wallahi na yi kuka, ni da ban yi kuka ranar da mahaifina ya rasu ba.

Sai na ji Balkisa ta ƙwala kira, "Halima! Halimatu!" Tun da aka raɗa wa yarinyar nan suna ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba saboda kunyar mahaifiyata, sai ranar. Ta ture ni gefe tana kwance haɓar zane. Na ce mata cikin kuka, "Ba ya shiga, na gwada, ba ya shiga!" Ko saurarena ba ta yi ba. Ta ce bisimillahi ta tura shi.

Ya shige kamar an zuba shi a ciki. Ta murɗa, na ji ƙas, murfin ya ɗago da kansa.

Nana tana kwance a kan buhun kayan aiki, jikinta zafi rau kamar an ciro ta daga tanda, leɓɓanta sun bushe, idonta a lumshe, amma ƙirjinta yana ɗagawa. Yana ɗagawa, jama'a! Na sungume ta, mata suka kwararo mata ruwan randa, aka naɗe ta da jiƙaƙƙen zane, Balkisa ta rungume ta a gaba, ni kuma na zura tsohon makullin nan mai tsagaggen wuya ban ko lallaba shi ba. Gwaggo da sai ta yi tari uku, ranar bugu ɗaya ta tashi. Muka isa likita, na taka birki na murɗa zan kashe ta, makullin ya rabu biyu, kai a hannuna, jiki a ciki. Ban ko damu ba a lokacin, sai daga baya maganar tsohon ta dawo mini, zai kai ka inda za ka.

Aka sa mata ruwa, kafin la'asar ta buɗe ido ta ce tana son fura. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta ce mu gode wa Allah, da an ƙara ɗan lokaci kaɗan da wani zancen ake yi. Na fita bayan ɗakin na yi sujada a kan yashi mai zafi, ban ji zafinsa ba, na daɗe ban ɗago ba. Irin sanyin da ya sauka a zuciyata ranar, ban taɓa jin irinsa ba kuma ban sake ji ba. Balkisa kuwa tana dariya tana hawaye, ta ce, "Baban Nana, na yafe maka munduwa." Na ce ai dole.

Washegari da aka jawo Gwaggo gida, na cusa sabon tsumma a kubar, na karɓi makullin wurin Balkisa don in ga yadda abin yake. Bai shiga ba. Na ba ta na ce ke gwada, wataƙila hannu ne, ta yi bisimilla kamar jiya ta tura, ko bakinsa bai leƙa ba. Muka kalli juna. Na kira wani bakanike abokina ya kwance kubar gaba ɗaya ya warware ta a kan tabarma, ya duba ya ce wannan makulli da wannan kuba ba abin da ya haɗa su, ko ramin ma ba ɗaya ba ne. Na ce to jiya fa, gaban mata sun fi goma? Ya ce shi dai abin da idonsa ya gani ya faɗa.

Na sayi sukari da ganyen shayi da sabon rawani na nufi katangar nan don in ba tsoho haƙuri in yi godiya. Ba kowa sai awaki. Ba toka, ba gawayi, ba ramin da aka kafa maƙera. Na ƙarasa wurin Sani mai faci na ce ina tsohon maƙerin nan da ke zama a nan, ya ce wane maƙeri, shi shekararsa tara a wurin bai taɓa ganin maƙeri jikin katangar ba. Na ce haba Sani, ranar Alhamis kaza, mai baƙin rawani. Sai ya ajiye tayar da ke hannunsa ya dube ni ya ce, "Af, ranar nan! Ai na so in tambaye ka. Na gan ka tsugune kai kaɗai ka fuskanci bango, ka fi rabin awa, na yi maka magana sau biyu ba ka amsa ba. Daga ƙarshe ka buɗe gorarka ka tsiyaye ruwan duka a ƙasa ka tashi ka tafi kana faɗa. Na ce ko rana ce ta taɓa ka." Na ce ba ka ji ƙarar guduma ba? Ya ce guduma kuma, a ina?

Na bar wurin Sani a tsakiyar ranar nan. Na wuce layin maƙera na nuna musu makullin, suka yi ta miƙa wa juna suna magana da harshensu, babbansu ya ce aikin hannu ne mai kyau, irin na da, amma ba na kowa a cikinsu ba ne, kuma bai san mai irin wannan kamanni ba ko a nan ko a Gugaram. Ya maido mini da hannu biyu, ya ce in adana. Na buga wa Baba Bulus waya na ba shi labari, sai ya ce, "Ɗana, Ubangiji yana da ma'aikata da yawa, ba duka ne suke da katin aiki ba." Limaminmu kuma ya ce in yi sadaka in rage tone-tone. Sukarin da shayin da rawanin na ba wani tsoho mai gadi.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar Nana. Bayan kwana biyu tana zaune a cinyata na tambaye ta ko ta ji tsoro a ciki. Ta ce da farko ta ji, ta yi ta kira ba a amsa ba, amma daga baya ta daina, don akwai wani a waje kusa da kanta yana ta aiki. Na ce wane irin aiki, buge-bugen da na yi? Ta ce a'a, ba bugu ba, tun kafin in zo ne. Sai ta goga ɗan yatsanta a gefen tabarma ta ce, "Haka yake yi, Baba. Ƙur, ƙur, ƙur." Yarinyar nan ba ta taɓa zuwa maƙera ba, kuma ban taɓa kwaikwayon wannan ƙarar a gaban kowa ba.

Gwaggo tana nan har yanzu, na samo mata sabon kontak daga Agadas da makullai uku, ɗaya yana wurin Balkisa. Kubar kofur kuwa ban mayar da ita ba, rami ne a wurin, igiya nake zurawa. Nana ta girma, tana kwaleji, makullin yana wuyanta a zare, tunda an ce na mai ƙarfe ne. Mutum ne, aljani ne, wani bawan Allah ne, ni ban sani ba kuma na daina neman sani, na dai san 'yata tana numfashi.

Shawarata gare ku, duk mai tsohuwar mota ko mataccen firiji ko babban akwati a tsakar gida, ya je yau ɗin nan ya cire masa kuba, kada ya dogara da tsumma kamar yadda na yi, don ba kowa ne za a kira daga jikin katanga ba. In kuma wani tsoho ya yi muku aikin da kuka ga kamar shirme ne, ku riƙe harshenku, ku yi masa sallama kafin ku tashi. Ni ban yi ba. Har gobe in na bi ta jikin katangar nan sai na rage tafiya na ce salamu alaikum, mutane suna kallona, awaki suna kallona, ni kuwa ina kasa kunne.